Mature ko matured? Ga yadda zaka gane wanne zaka rubuta

Jama'a assalamu alaikum. Yau kam sai na yi maganan nan don ta daɗe tana cina a rai. Ni aikina buga takardu ne, ina da ɗan shago a Tudun Wada nan cikin Gombe, kwamfuta biyu da firinta da injin fotokofi, kuma kullum abinda ke bi ta hannuna kenan, CV, takardar neman aiki, wasiƙar shaida da malami ke rubuta wa ɗalibinsa, tallan neman ma'aikaci da za'a manna a bango, har da na masu neman aure da zasu ɗora a Facebook. To a duk kalmomin turanci da nake gani ana ɓatawa babu wadda ta kai mature shan wuya a hannunmu, kuma abun da yafi damuna ba wai marasa karatu ke yi ba, a'a, masu digiri ne, wasu har da digiri na biyu.

Satin da ya wuce wata hajiya mai shagon atamfa a babbar kasuwa ta aiko yaronta da ƴar takarda an rubuta da biro, wai in buga mata da manyan baƙaƙe. Abinda ke jiki shine A matured sales girl is needed urgently. Na kira ta a waya nace Hajiya barka da kasuwa, akwai harafi ɗaya da zan cire miki in kin yarda, tace wanne, nace d ɗin ƙarshen matured, tace a'a Malam ai ɗana ne ya rubuta kuma ya gama jami'a, kuma haka take gani a ko ina. Gaskiyarta, haka ake gani a ko ina. Amma yawan masu yinsa bai sa ya zama daidai a turancin da ake rubutawa a jarrabawa da wasiƙar ofis ba.

Ni kaina haka nake rubutawa da. Wani dattijo tsohon malamin turanci ne ya gyara min, yazo buga takardar fansho yana zaune a benci yana jira, sai ya hango ina buga CV wa wani yaro na saka I am a matured and hardworking person, ya miƙo sandarsa ya nuna sikirin yace ɗana goge d ɗin nan, mutum ba cuku bane. A lokacin ban gane me ya kawo cuku cikin maganar ba, sai da ya zauna ya warware min, kuma abinda ya koya min ranar shi nake so in miƙa muku da ɗan abinda na ƙara sani daga baya. Allah ya saka masa da alheri.

Ga asalin maganar. Mature a karan kanta siffa ce, bata buƙatar a ƙara mata komai. Daga Latin ta fito, maturus, wato abinda ya nuna ko ya kai lokacinsa, kuma da siffarta ta shigo turanci. Saboda haka in kana so kace mutum mai hankali ne, mai natsuwa, wanda ya san ya kamata, mature zaka ce kawai. She is mature. He is a mature man. They are very mature. We need a mature person. Babu d ko ɗaya.

To daga ina d ɗin ke zuwa? Nan ne wajen da nake so ku tsaya ku gane sosai don in ka gane dalilin kuskure baka sake komawa. Kalmar nan mature tana da aiki na biyu, aikatau ce kuma, wato kalmar aiki (verb), ma'ana girma ko ƙosawa ko hankali ya shiga mutum a hankali a hankali. To a matsayinta na aikatau dole tana canzawa da lokaci kamar sauran, mature, matures, maturing, matured. Kenan matured kalma ce ta gaske, akwai ta a ƙamus, wurin zamanta ne daban. Shi yasa in ka buga a Word jan layin nan baya fitowa a ƙarƙashinta, kwamfuta ta ga kalmar da ta sani ta wuce abinta, kai kuma ka ɗauka komai lafiya.

Dalili na biyu kunne ne. Siffofin da muke jerawa a CV yawancinsu da ed suke ƙarewa, educated, experienced, qualified, dedicated, talented, married, sai mutum yana cikin jero su kunnensa ya ja shi ya ƙara matured don sautin ya tafi daidai. Na uku kuma ni a ganina daga Hausar mu ne. Mu ai mun saba gina siffa daga aikatau, dafa dafaffe, wanke wankakke, bushe busasshe, nuna nunanne, to sai kai ya ɗauka turanci ma dole sai an yi wa mature irin wannan ginin kafin ta siffanta mutum.

Amma ko a Hausar ba ko ina ake haka ba. Duba gajere. Gajere siffa ce da kanta. Akwai kuma aikatau gajarta da gajarce, daga nan ake samun gajartacce. Zaka ce gajeren mutum, zaka ce wandon ya gajarce, zaka ce gajartaccen bayani wato wanda wani ya zauna ya rage masa tsawo. To ka taɓa jin ance gajartaccen mutum? In kaji haka ai sai kace waye ya gajarta shi. To daidai haka matured man yake faɗowa a kunnen wanda turanci ne harshensa, kamar wani ne ya ɗauki mutumin ya ajiye shi a ɗaki na wata da watanni har ya tsumu. Cukun da dattijon nan yake nufi kenan, turawa suna ajiye cuku da giyar inabi na tsawon lokaci don ɗanɗanonsu ya kama, a nan ne zakaji The cheese is matured for twelve months, wato ana ajiye shi wata goma sha biyu ya tsumu. Kuma ko cukun ma in suna siffanta shi a kanti a Ingila mature Cheddar suke rubutawa a jikin leda.

Yanzu ga yadda zakayi in kazo rubutawa kana kokwanto. Cire kalmar ka saka wise a gurbinta, ka karanta jimlar. In ta zauna to mature ne, babu d. In ta ƙi zama to aikatau kake buƙata.

Mu gwada. She is wise, ta zauna, kenan She is mature. A wise woman, ta zauna, kenan a mature woman. He looks wise, He looks mature. You are not wise enough, You are not mature enough, wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau don matured enough ya cika gari, musamman in ana faɗa a soshiyal midiya. Yanzu kuma gwada wannan, He has wise a lot since his father died, kaji ai bata zauna ba sam, to nan ne gidan matured, He has matured a lot since his father died, wato hankali ya shige shi sosai tun bayan rasuwar mahaifinsa. Kaga a nan ba siffanta shi kake ba, labarin canjin da ya same shi kake bayarwa, da yana wani hali yanzu ya koma wani.

Wasu malaman suna koyar da cewa in kaga is ko are ko was sai mature, in kaga has ko have ko had sai matured. Yana aiki sau da yawa amma ni ban cika son sa ba don yana da rami. Misali He has mature friends, abokansa masu hankali ne, ga has nan amma mature ce ta biyo baya saboda abokan take siffantawa. Da ka gwada da wise zakaga He has wise friends ta zauna lafiya lau. Haka She has become mature, nan ma babu d. Shi yasa nafi yarda da gwajin wise, bai taɓa bani kunya ba a maganar mutum.

In aikatau ce kuma sai ka bi lokaci kamar yadda ka saba. Children mature at different rates, yara ba lokaci ɗaya suke girma ba. This maize matures early, masarar nan da wuri take ƙosawa, da s don abu ɗaya ne. She is maturing fast. He matured after he got married, wannan ya wuce, da d, kuma daidai ne ɗari bisa ɗari.

Akwai wani wuri kuma da matured take da cikakken ƴanci, harkar kuɗi. In ka zuba kuɗi a wani abu mai wa'adi, ranar da wa'adin ya cika aka dawo maka da uwar kuɗinka turanci yana cewa abun ya yi mature. Takardun lamunin gwamnati na gajeren zango da Babban Bankin Najeriya ke sayarwa wa'adinsu kwana 91 ne ko 182 ko 364. Sukuk, wato takardar lamuni ta tsarin Musulunci, na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 na naira biliyan 100 wa'adinsa shekara 7 ne, saboda haka zaka rubuta The first Sukuk matured in 2024, kuma ranar cikar wa'adin ita ce maturity date. Ma'aikacin banki in yace maka Your deposit has matured bai yi kuskure ba. Amma in ya juyo yace maka You are a matured customer to nan kam ya zame.

Sai kwatance. More mature, most mature. Aisha is more mature than her elder sister, Aisha tafi yayarta hankali. Ba more matured ba. Akwai maturer a wasu ƙamus amma da wuya kaji ana faɗa, ka barshi kawai. In kana so kace yayi abu cikin hankali, He handled it maturely, ko in a mature way, babu wata kalma wai maturedly. Sunan kuma maturity ne, She showed great maturity. Kishiyarta immature, mara hankali ko mai halin yarinta, kuma dan Allah babu immatured ko kaɗan, wannan kam ko Word zai ja masa jan layi. Haka premature, abinda yazo kafin lokacinsa, bakwaini a premature baby ake cewa, na sha ganin prematured baby a takardun neman taimako da ake kawo min in buga, ina gyarawa shiru don mai jinya ba lokacin darasi yake ciki ba.

To ko ka cire d ɗin akwai sauran magana, kuma wannan ɓangaren ni yafi min muhimmanci don shi ke sa a fahimce ka ba daidai ba. Mu in munce mature muna haɗa abu uku wuri ɗaya, balaga da hankali da shekaru. Turanci yana rarrabe su. Wanda ya kai shekara 18 a doka adult ne, ko yana da hankali ko babu. Mature tafi karkata ga hali, shi yasa zaka iya cewa yarinya ƴar shekara 12 is very mature for her age, wato hankalinta ya girmi shekarunta, kuma zaka iya cewa mai shekara 40 immature ne. Amma in ka haɗa ta da woman ko lady ko gentleman ba tare da wani bayani ba, turawa sukan ji kamar kana nufin wanda ya manyanta ne, hanya ce ta ladabi ta kauce wa cewa tsoho, kamar yadda muke cewa dattijo ko dattijuwa. A Birtaniya kuma mature student na nufin wanda ya fara digirin farko yana da shekara 21 ko fiye, ba wai ɗalibi mai natsuwa ba, masu cike fom ɗin karatun waje ku lura da wannan. Sannan in kaga an rubuta mature content ko for mature audiences a jikin fim ko gem, gargaɗi ne cewa ba na yara bane, iyaye ku kula da wannan a wayoyin yaranku. Shi yasa masu buɗe guruf su rubuta matured minds only nake ce musu kuskure biyu kukayi, ga d, ga kuma baƙo zai iya ɗauka wani abun daban ake yi a ciki alhali ƙila karatu ko kasuwanci kuke tattaunawa.

Kayan gona ma haka. Mu Hausawa muna da ƙosa muna da nuna kuma kowa ya san ba ɗaya bane. Mangwaro zai ƙosa yana kore shar, ya gama girmansa amma in ka gatsa tsami, sai daga baya ya nuna. Masu tumatir a Dadin Kowa in kaya zai yi tafiya mai nisa ai basa jira ya nuna luguf, ƙosasshe suke tsinka ya ƙarasa a hanya. To turanci ma haka ya raba, ƙosa shine mature, nuna shine ripe. In kaje sayen mangwaro kana so kace ya nuna, The mango is ripe zaka ce. Itacen da ya gama girma kuma a mature tree. Wallahi duk wanda na yi wa bayani da ƙosa da nuna nan take yake kamawa, don abun yana cikin harshenmu tun asali.

Furuci a taƙaice, nauyin yana gaɓa ta biyu ne, ma-CU-wa, ba MA-co ba. Kada nature ta ruɗe ka, ita nata nauyin a farko yake.

Tunda muna kan ciwon d bari in ambaci ƴan uwanta biyu uku da sauri. The shop is open, shago a buɗe yake, ba is opened ba, duk da cewa in a rufe yake The shop is closed ne da d, haka harshen yazo. You are welcome in an gode maka, ba welcomed ba. Sai babbar su, I was opportuned to meet him, wannan kam opportune siffa ce mai nufin lokacin da ya dace, an opportune moment, ba'a mata d kuma ba'a siffanta mutum da ita, abinda kake so kace shine I had the opportunity to meet him. Duk wani taron bankwana ko walima da za'a baiwa mutum makirfo sai kaji opportuned, har ta zama kamar sallama.

Nasan wani zai ce Malam ai turancin Najeriya ma turanci ne, me yasa zamu takura kanmu. Ina girmama wannan maganar kuma akwai gaskiya a ciki. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na turancin Najeriya, ciki har da Kannywood da okada da danfo da next tomorrow, ni kaina naji daɗi ranar. Amma matured a ma'anar mai hankali bata cikin 29 ɗin nan. Kuma ni damuwata ba hira a majalisa bace, a majalisa faɗi yadda kake so kowa ya gane ka. Damuwata yaron da zai zauna WAEC ne, an bashi insha'i na kalma 450, maki 10 aka ware wa tsabtar rubutu wato nahawu da rubutun kalma da alamomi, kuma kowane kuskure rabin maki ake zabtarewa, to in ya saka matured ya ƙara da opportuned ya ƙara da is opened kaga maki ɗaya da rabi ya tafi a kan ciwon d ɗin nan kawai, yaron da ubansa ya sayar da buhun wake ya biya masa kuɗin jarrabawa. Haka mai neman aiki a ƙungiyoyin nan na waje ko mai neman tallafin karatu, layin farko na wasiƙarsa ne I am a matured graduate, wanda zai karanta yana da takardu ɗari a gabansa. Wannan ne yake min ciwo, don gyaran baya cin ko sisi.

Abinda nake yi a shago, kuma kowa zai iya yi a gida, in na gama buga takarda sai in danna Ctrl da F in rubuta matured, kwamfuta ta nuna min duk inda take, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina saka wise a raina. A waya ma akwai wurin nema a cikin Word da WPS, alamar madubin nan. A CV da wasiƙar neman aiki kusan duk wanda na samu gogewa nake, wanda ke tsira sai irin I have matured through this experience. Kuma sau da yawa nakan ba mai takardar shawara ya cire kalmar gaba ɗaya, don faɗin ni mai hankali ne da bakinka baya ƙara maka komai a wajen mai ɗaukan aiki, gara ka rubuta cewa ka riƙe kuɗin shago shekara uku ko ka jagoranci mutum goma a wajen bautar ƙasa, shi da kansa zai gane.

Ita kuwa Hajiya da muka ci gaba da magana sai na tambaye ta, Hajiya wai babbar mace kike nema ko yarinya mai natsuwa? Tace a'a yarinya dai, ƴar ashirin zuwa ashirin da biyar, wadda in na tafi Kano saro kaya zan bar mata shago hankalina kwance, ba mai danna waya kwastoma na tsaye ba. Nace to kinga ko mature ɗin ma ba ita kike buƙata ba, don wata zata gani ta ɗauka mai shekara arba'in ake nema ta wuce. Sai na buga mata A responsible and trustworthy sales girl is needed, aged 20 to 25, na sa lambar shagon a ƙasa. Tace in karanto mata da Hausa, nace mai riƙon amana wadda ta san aikinta, tace yauwa abinda nake nufi kenan, buga min guda biyar, ɗaya a ƙofar shago sauran yaron zai kai Pantami da Jekadafari.